Firjin Inna Kulu

Malam Rufa'i Na'iya mutum ne da ba ya yarda da "kusan". Ka ce masa daga Tambuwal zuwa Dogon Daji kusan rabin awa ne, sai ya tambaye ka a wace mota, da wane direba. A Fakku aka haife shi, cikin ƙasar Kebbe, gidan noma da kiwo, kuma an ce tun yana bin shanu shi ke fara gane wadda ba ta dawo ba. Shekara ashirin ke nan yana koyar da lissafi a wata sakandare a Tambuwal, katangarmu ɗaya da shi. Ina ƙaunarsa, amma wallahi zama da shi sai haƙuri.

Shekara biyu da suka wuce ciwon suga ya kama mahaifiyarsa, Inna Kulu, ya ɗauko ta daga ƙauye. Likita ya ɗora ta kan allura kullum, ya ja kunne cewa ruwan allurar ba ya son zafi: in ya sha zafi ƙarfinsa ya tafi, ko da ido bai ga canji ba. Da farko a gwangwani take ajiye shi, ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa. Bazara na tsananta maganin ya lalace, Inna ta yi kwana uku a asibiti ba ta san wanda ke kanta ba. Tun daga nan Malam ba shi da magana sai ta sanyi.

Ya sayo firjin gwanjo, wani ƙato mai gurnani. Wutar gari kuwa sai ta ga dama, don haka janareta ke ɗauke da shi, lita uku na fetur kullum, albashin malamin makaranta yana ƙonewa a bayan ɗaki. Sai Malam ya ɗauki littafi da biro. Ya je shago ya kwafo abin da aka rubuta a jikin sabon firji mai cin wuta kaɗan: yunit ɗaya a rana. Ya lissafa ƙwayayen fitila shida, in aka sauya su daga wat sittin zuwa wat tara. Ya lissafa fanka. Ya ce farantin sola biyu da batir ɗaya sun ishi gidan har da rara. Fetur lita casa'in zai huta da saye duk wata, kuma hayaƙin da janareta ke turawa sama, kilo biyu da ɗoriya a kowace lita, zai ragu da nauyin buhun gero biyu. Nan muka yi ta dariya a majalisa, muna tambayarsa a wane sikeli ya auna hayaƙin. Bai yi dariya ba.

Kuɗin kayan ne babu, sai bijimin da ya gada a Fakku. Yayansa Maccido, wanda ke kiwon shanun gidan, ya zo har Tambuwal kan babur don ya hana.

"Rufa'i, mi kaka yi haka? Bijimi shina ƙara nama kullum, ƙarhe kau tsatsa shika yi."

"Yaya, cikin wata goma sha fuɗu kuɗin bijimin sun dawo. Ga shi nan a rubuce."

Maccido bai ko kalli littafin ba. Ya ce Allah shi kyauta, ya hau babur ɗinsa. Aka sayar da bijimi a kasuwar Tambuwal, aka kafa faranti bisa kwano, farin firji ya shiga ɗakin Inna, maganinta ya samu gurbi a hawan tsakiya. Wata biyu cur ba a ji ƙarar janareta a gidan ba, lissafi ya fita daidai, Malam har tafiyarsa ta sauya.

Abu ɗaya ya manta, kuma shi ne abin da ya fi ba ni haushi, don mutumin da aka haifa a cikinmu bai kamata ya manta da shi ba. A littafinsa ya rubuta cewa za a buɗe firjin sau shida a rana. Ya lissafa gidansa, bai lissafa unguwa ba. A nan, in kana da rijiya, ta kowa ce. In kana da turmi, na kowa ne. To sanyi ma haka muka ɗauke shi. Asma'u mai zoɓo ta fara da jarka ɗaya. Ni'imatu ta kawo kunun aya. Wasu har da ɗuminsa suke kawo abu, ba su jira ya huce. Inna kuwa, tsohuwar da ta yi shekara saba'in ba ta taɓa mayar da mai roƙon gishiri ba, ina za ta iya cewa babu wuri?

Babbar Sallah ce ta ƙarasa shi. Da can ran da aka yanka ake fara suya, kowa na tseren kada nama ya juya. Da firji ya samu sai lalaci ya same mu, kowa ya ce a kai gidan Malam, a soya jibi. Ni ma na aika da kayan ciki a kwano mai koren murfi, ina ganin ɗan kwano ɗaya ba zai kashe kowa ba. Ga hadari ya fara tare rana. Batir ya riƙa ƙarewa, a wayi gari firji na zubar da ruwa. Janareta ya dawo bakin aiki.

Ranar Asabar Malam ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin, yana ja wa kowace buɗewa layi. Kafin la'asar ya ƙirga saba'in da ɗaya. Ya fito majalisa idonsa ja, ya yi mana bayani cewa duk buɗewa sanyi ne ke zubewa, duk abu mai ɗumi wuta ce yake sha, kuma wannan wutar ta maganin Inna ce. Muka ce gaskiya ne, Malam, mutane ba su da tunani. Ba wanda ya tashi ya ɗauko nasa.

Sai ya sa aka yi wa firjin kwaɗo. Kafin magariba sunansa ya zama marowacin sanyi a unguwa. Ya shanye wannan. Amma da yake yana makaranta tun safe, kuma Inna ke buƙatar maganin, ita ya ba makulli.

Kwana biyu bayan haka ya kira ni in taya shi duba batir, don lissafin har yanzu ya ƙi fita. Ya karɓi makulli ya buɗe. Firjin cike yake maƙil, ko allura ba ta da wurin shiga. Ya duba hawan tsakiya, ya ɗaga wannan, ya ture wancan. Ya juyo wurin Inna.

"Inna, ina maganinki?"

Ta nuna gindin randa da haɓa. Ya durƙusa ya tona yashin, ya ciro tsohon gwangwanin nan, ya riƙe shi a tafin hannu yana jin ɗuminsa. Ashe tun ranar Sallah maganin yake wurin.

"Ɗiyan mutane sunka kawo amana," in ji Inna. "Naman layya na, in ya ɓaci mi za ni ce musu? Nawa ai nawa na."

Malam ya juya ya kalli firjin. Ni kuwa na riga na ga abin da ke zaune a hawan tsakiya, daidai gurbin maganin. Kwano ne mai koren murfi.