Yatsana a Tsakiyar Takarda

A lokacin shekara biyu ke nan da zuwanmu Greensboro ta Amurka, tun titin Gate City Boulevard ana ce masa High Point Road, a hunturun da ƙanƙara ta karya bishiyar ƙofar gidanmu. Ina da cikin autata wata shida. A kamfanin ɗinka wanduna nake, nawa aikin guga, a tsaye tun safe har la'asar. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, ga shi da aikin nan muke rufa wa kanmu asiri.

Wata baƙar Ba'amurkiya, doguwa mai murya, ta tara mu mata lokacin cin abinci, a rubuta wa manaja koke. Abokiyar aikina 'yar Jos, Kirista, ita ke fassara mini. Kowa ta kawo nata: albashi daidai da na maza, hutun haihuwa, ɗakin renon jarirai, a hana mai duba aiki shafa mu in ya zo wucewa. Wata ma ta ce a nemo wa wadda miji ke duka wurin fakewa.

'Yar Jos ta ce, "Ke fa, Hajiyar Kano?"

Na ce, "Kujera."

"Duk faɗin Amurka, kujera?"

"Karɓi cikin nan yini ɗaya, ki zo ki sake tambayata."

Aka yi dariya, aka rubuta.

To, dabararsu ita ce kowa ta sa hannu a zagaye, kamar bakin faifai, don kada a gane wadda ta fara. Ba wadda ta faɗa mini. Ni ban yi boko ba, yatsa nake dangwalawa. Da takardar ta iso kaina a ƙarshe, na ga fili fes a tsakiya, na ɗauka ni aka bar wa. Na shafa tawadar biro, na danna, na miƙa.

Washegari manaja ya kira ni, 'yar Jos ta raka ni. Ya ce ashe ni ce shugabarsu? Ta taka mini ƙafa, ta raɗa, "Yaya, don Allah ki ce kuskure ne."

Kuskuren ne kuwa. Amma ni in tsaya gaban ƙato in ce ban san abin da na yi ba? Na ce, "Faɗa masa yatsana ne."

Sati bai zagayo ba aka ce gugata ba ta fita, ni da ake nuna wa sababbi aikina. Aka sallame ni. Maigida bai yi faɗa ba, ya dai ce, "Wa ya aike ki?" Sauran suka tsorata, ba abu ɗaya da aka ba su har aka rufe kamfanin.

Yau autar tawa ce ke kawo mini jaririnta, cibiya ba ta gama warkewa ba, ta ruga aiki. Ban ga abin da ya sauya ba.

'Yar Jos ta rasu, maigida ya rasu. Doguwar tana gidan tsofaffi wajen Pleasant Garden, ba ta gane kowa. Mai duba aikin an ce yana nan garau a Summerfield, yana kiwon dawaki. Sai ni.