Gwaggo Asabe da Wandon Sale

Ku da kuka zauna unguwarmu a Rano kun san Gwaggo Asabe, yayar babanmu, ba ta taɓa keken ɗinkinta sai ta gaishe shi. Ta yaye zanen da ta lulluɓe shi, ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" sannan ta fara murzawa. Keken hannu ne, mijinta ya sayo mata a Kano tun zamanin Turawa. Man gyaɗa take ɗiga masa, wai abin da ta ci shi zai ci.

Ba ta auna namiji. Ka gwada karan dawa daga ƙugu zuwa idon sawu, ka karya, ka aiko da shi. Kuma ba ta yanke ƙafar wando, sai dai ta kalmashe. Wani dattijo daga Dawaki, gemu fari fat, ya tsaya a soro yana mita: "Baiwar Allah, ai da kin yanke."

Ta ɗago murya daga cikin gida: "In ka ƙara tsawo fa?"

Bayan samun mulkin kai, yayana Sale ya zama yaron mota tsakanin Kibiya da Kano. Ya sayo wandon jins a gwanjo, ƙafar na jan ƙasa. Da shi zai je zance Kahu ranar Juma'a, don wani malamin makaranta na neman ƙwace masa budurwarsa Larai.

Gwaggo ta shafa wandon. "Kai Sale, tampol ɗin motarku ka yanko?"

"Yayi ne, Gwaggo. Don Allah ki yanke."

"Ban yanke na masu gemu ba, sai naka?"

Ta ninka shi uku. Allura na zuwa kan kaurin, ƙas! Ta sa wata, ƙas! Ta ba Malam haƙuri, ta kifa turmi, ta shimfiɗa wandon, ta hau kirɓa da taɓarya. Sale sai salati yake. Abin mamaki, allura ta wuce sumul.

Da ya saka, ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo.

"Gwaggo, dubi!"

"Malam ba ya kuskure. Kai ne a karkace, tun kana rarrafe na lura."

Haka ya tafi Kahu. Larai na ganinsa ta yi ta dariya har da hawaye, hira ta yi daɗi, daga ranar ba ta sake fita wajen malamin makaranta ba. Ranar bikinsu Gwaggo ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana cewa, "Da na yanke, da yanzu tana gidan wani."

Shekarar da babanmu ya kwanta ciwo, ita ta ɗinka mana kayan Sallah duka, ba ta taɓa tayar da maganar ba. Allah ya jiƙan Gwaggo, ya haskaka kabarinta, ya sa ta huta. Amin.