Ɗakin Kayan Noma

Da sunan Allah, wanda Ya ga abin da na ɓoye wa mutane. Karatuna kaɗan ne. Manomi ne ni a wani ƙauye na ƙasar Kebbe, kuma don babu wanda ya fi ni izu a wurin, ni nake ba da salla. Wannan ɗan matsayi na riƙe shi fiye da yadda ya kamata.

Ɗiyata ta fari tana famfarar haƙora lokacin da ciwon maƙogwaro da zazzaɓi suka kama ta, ana girbin gero. Wanzami ya cire mata belu, ta sha kunu da zuma, ta miƙe. Muka manta.

Bayan an kai dawa rumbu sai ta fara sakin abubuwa. Yau ƙwarya, gobe ludayi. Wata safiya ina biya mata karatu na ga tana murguɗa baki, kafaɗarta tana zabura, harshe yana fita yana komawa. Na ɗauka kwaikwayona take yi, na zabga mata tsumagiya. Tana kuka tana cewa, "Baba, ba ni ba ce," bakin kuma bai daina ba.

Ba a jima ba hannuwa da ƙafafu suka shiga. Loma ba ta isa baki, magana ta kakkarye. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta leƙo ta danga ta ce wa matata, "Wagga iska ce. Akwai masu garaya can bayan Fakku, ba su faɗa ma kowa."

A lokacin ba a wasa da zancen bori. Wanda aka kama sai gaban alƙali. Limamin da aka ce iskoki sun hau ɗiyarsa kuwa, wa zai sake binsa salla? Ban kai ta wurin masu garaya ba, ban kuma kai ta wurin kowa ba. Na shigar da ita ɗakin da muke ajiye kayan noma, na ja tufaniya na tokare, na ce wa mutane ta tafi wurin gwaggonta. Da ta yi ta buga hannu a bango har fata ta sale, na ɗaure mata wuyan hannu da sawu, siririn ƙyalle na saƙa. Ɗaurin ƙara mata ya yi.

Ƙaryar ta tsare mu duka. Matata ta daina zuwa suna da ta'aziyya don kada a tambaye ta. In baƙuwa ta yi sallama sai ta hau daka da ƙarfi, ko da babu komai a turmin. Ni kuma ina gaban sahu ina karanta Fatiha, kunnena yana gida.

Ban san matata ta aika wa kawunta saƙo ba sai da na ga jakinsa a ƙofa da hantsi. Tsohon malami ne a Tambuwal, ya karanta littattafan magani. Yarinyar jikarsa ce, suna wasa.

"Liman, ina matata? An ce ta yi yaji."

Matata ta je ta ture tufaniyar.

Ya shiga ya kwance sawun da kansa, bai dube ni ba. Ya miƙa mata yatsu biyu. "Kama, amarya, in ji ko kina iya tuƙa min tuwo." Ta kama, hannun yana matsewa yana saki. "Ka gani? Kamar mai tatsar saniya." Ya ce ta fito da harshe ta tsayar da shi, ta kasa.

"In ta yi barci, shina tsayawa?"

"Tsaf, Kawu," in ji matata.

"Ta yi ciwon wuya kwanan baya? Gwiwa ta kumbura?"

"Wuya dai, da girbi."

"To ba iska ba ce. Na gan shi ga yara, bayan ciwon maƙogwaro yake biyowa. Shi ka tafiya da kansa, amma sai an yi watanni. Tsoro da tsawa ke hura shi."

Ya ce a zuba rairayi, a shimfiɗa fatu, a jera zana a jikin bango. A ba ta kunu da nono a baki, a shafa man shanu a raunukan, a lura da numfashinta. Kada ta yi aiki, kada a taru a kanta. Ɗakin dai shi ne magani, sai dai ƙofa a buɗe, kuma a yi mata shiru.

"Shiru, Kawu?" na ce. "Turamen maƙwabta suna jikin dangarmu."

"Sai ka je ka roƙe su."

Roƙon ba ya yiwuwa sai na faɗi wadda ke ɗakin. Bayan la'asar na juya ga sahu na faɗa. Babu wanda ya yi mamaki. Wani dattijo ya ce, "Liman, ai muna jin kukanta. Kunyarka muka ji." Washegari mata suka mirgina turamensu zuwa gindin kuka a bakin gari.

Rani duka yarinyar tana ciki. Ƙofa a buɗe, amma ba ta da ƙafar fita. Tana kwance tana kallon kaji, in ta ji takuna jikin ya ƙara zabura, don haka na koyi tsayawa nesa. Uwarta ke ba ta abinci.

Da hadarin fari ya fara haɗuwa, na dawo daga sharar gona na tarar da ita a tsakar gida, dafe da rumbu, ƙafafun sun rame kamar kara. Ta dube ni ta tsaya cik.

"Baba, in koma?"

"A'a," na ce. "Je ki inda kike so."

Ta bi jikin danga a hankali har ta kai ƙofar gida, ta zauna a dokin ƙofa tana haki.