Ranar da Na Hau da Mahaifina Dutse a Ƙarshen Maris

A lokacin shekarata biyu ke nan a birnin Greensboro, can ƙasar Turawa, ina tuƙa motar kai kaya, ina haya a unguwar Glenwood, kuma ina ji da kaina. Haifaffen Jos ne ni, saboda haka duk wanda ya yi kukan sanyi a coci sai in yi masa dariya, in ce bai san sanyi ba.

A can gida Jos ba a zaman ɗaki ran Litinin ta bayan Ista. Akan ɗauki abinci a hau dutse, a ce an tafi Galili. Da Baba ya kawo mana ziyara a shekarar, na ci alwashin yi masa Galilin da bai taɓa gani ba. Na zaɓi wata hanyar ƙafa da ta ratsa tsakanin manyan duwatsu a yammacin jihar da nake zaune, tafiyar awa uku a mota. Wata dattijuwa a cocinmu da ta daɗe a ƙasar nan ta ce in bari sai Yuni ko Satumba, domin a ƙarshen Maris sanyi bai bar saman duwatsun ba tukuna. Na nuna mata itatuwa sun yi fure, ɗalibai na yawo da gajeren wando. Matata ma ta yi magana, na ce tsoro ne kawai.

Muka fara hawa rana ta fito sosai, Baba sanye da kaftani yana ta waƙa. Ba mu kai rabi ba gajimare ya rufe mu, iska ta taso da yayyafi mai ƙanƙara. Baba ya yi ta karkarwa, can ya zauna a kan dutse ya ce barci yake ji, yana kira na da sunan ƙanensa da ya rasu. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Waya kuma ba sabis. Wasu Turawa biyu masu saukowa ne suka naɗe shi da bargo, muka riƙa goyon sa bi da bi har mota. Kwana tara ya yi a asibiti da ciwon huhu.

Har yau ina hawan dutse, amma sai farkon kaka, bayan na tambayi masu kula da wurin yadda ƙolin yake. Ɗan'uwa, ranar biki ko ɗumin cikin gari kada su zaɓa maka lokaci, kuma ka saurari waɗanda suka riga ka zuwa. Baba ya tashi, sai dai yanzu matakala goma ba ya haurawa sai ya huta. Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, cewa yake shi ne ya matsa mini a tafi.