Mai Zama

Jiya 'yan jami'ar nan masu binciken rayuwar tsofaffi suka dawo Gafasa. Wata malama ta duba takardarta ta kira sunan kakana, na ce mata ya rasu tun kafin girbin gero.

Da suka zo bara, a zaure suka same shi yana murza igiyar rama a cinyarsa. Ƙamshin man zafi ya cika wurin, ko akuya ta leƙo sai ta yi atishawa. Kaka ba ya faɗa wa baƙo damuwarsa. Gwiwa tana ciwo? "Alhamdulillahi." Ido yana gani? "Alhamdulillahi," alhali da safen nan ya gaida buhun gyaɗa har da tambayar iyali.

Malamar ta ce, "Baba, takardarmu ba ta da gurbin Alhamdulillahi. Me kake buƙata?"

Na yi caraf na ce, "Haƙora talatin da tsire."

Ya ce, "Rabu da amaryar nan tawa, ba ta da kunya." Sannan ya ce, "Rubuta mai zama. Kowa ya ajiye mini kwano sai ya wuce. Ina fara labari, sai in ji takalmi ya yi gaba."

Na yi dariya, don takalmin nawa ne. Kullum ina cewa gobe zan zauna in ji ƙarshen labarin shanun da ya kora zuwa kasuwar Gaya yana saurayi. Har yau ban san ko sun isa ba.

Allah ya jiƙanka, angona, ya haɗa ka da waɗanda za su zauna har ka gama.