Ɗakin Nababa Mai Taya

Nababa mijin yayata ne. Tun ina aji uku a sakandare nake tsokanarsa, kuma har yau da furfura ta kama mu duka biyu ban ga dalilin dainawa ba. Dogon mutum ne, irin waɗanda sai sun sunkuya kafin su shiga shago, ga shi magana ba ta dame shi ba sai in an taɓo zancen mota. Shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙi a wata ma'aikatar tarayya, tun Abuja tana rabin daji. Ya ja daraktoci, ya ja manyan sakatarori, ya ja Turawa masu zuwa duba ayyuka, kuma babu jihar da tayarsa ba ta taka ba.

Idan ya dawo gida Kuje daga tafiya, tsaraba biyu yake zuwa da ita. Akwai ta buhu, wato doya ko dankalin Jos ko ganyen shayin Mambila, akwai kuma ta baki. Zai zauna a kan tabarma ya miƙe dogayen ƙafafun nan, ya ba Yaya Zulai labarin yadda ruwa ke faɗowa a Gurara, da ruwan ɗumin Yankari da ake hango yashin ƙasansa, da sanyin Mambila da ke sa mutum ya yi alwala yana rawar haƙori. Kullum ƙarshen labarin ɗaya ne, wata rana zai kai ta. Ita kuma ta ce Allah ya nuna mana, ta tashi ta duba tukunya. Ni kan ce masa ya dai fara kai ta kasuwar Wuse tukuna, a ga kamun ludayinsa.

Da ya yi ritaya sai muka ɗauka zancen ya mutu, ashe lokacin ya tashi. Wata shida da ajiye aiki ya je asibiti saboda yana ganin gefen hanya dishi-dishi, likita ya ce hawan jinin ido ne. An ba shi maganin ɗigawa, an hana shi tuƙi da zarar rana ta yi sanyi, aka kuma faɗa masa gaskiya cewa ko tuƙin ranar ma shekara ɗaya ce ko biyu ta rage masa. Daga asibitin bai wuce gida ba, ofis ɗina ya biyo. Ya zauna ya ɗora hularsa a gwiwa, ya ce in bai kai Maman Nabila, yadda yake kiran yayata, wuraren nan a bana ba, to shi ke nan, ya yi mata ƙarya shekara talatin. Ranar ban tsokane shi ba, don tausayinsa ya kama ni sosai.

Dabarar da ya zo da ita ce ta dawo mini da dariyata. Wai ɗaki mai taya zai saya, irin wanda ake ɗaurawa a bayan mota a ja, da gado da murhu da wurin wanka duk a ciki. Ya taɓa ganin wani Bature da matarsa da irinsa a Yankari, matar tana zaune a bakin ƙofa tana dafa shayi, kuma abin ya zauna masa a rai kusan shekara ashirin bai faɗa wa kowa ba. Na ce masa Bature ya yi abinsa ya tafi, ya bar Bakatsine da ciwon kai. Amma da ya yi bayani sai na ga yana da hujja. Yayata ba ta cin abincin otal, ba ta kuma kwanciya a gadon da ba ta san wanda ya tashi daga kansa ba. Hanya ma ya tsara ta yadda hankali zai kwanta: tafiyar safe kawai, a sauka kafin la'asar, a ajiye ɗakin a harabar gidan tsofaffin abokan aiki ko wurin da ke da masu gadi. Tsohuwar Hilux ɗin da ya saya a gwanjon gwamnati ita za ta yi jan.

A kasuwar Dei-Dei muka samo irin ɗakunan, bayan layin masu katako, a filin wani dillali da ake kira Oga Bernard, wanda ke sayen kayan Turawa da na kamfanonin hanya idan sun gama aiki za su tafi. Guda uku ne a jere. Akwai wani fari ƙato mai taya huɗu, wanda Nababa ya kalla sau ɗaya ya ce zai kashe masa injin kafin a kai Akwanga. Akwai kore, gajere, mai manyan tayoyi, an ƙera shi don hanyar daji. Na ukun ruwan ƙasa ne, dogo, tsoho, ya ɗan zauna ta baya kamar jakin da ya gaji.

Sau uku muka je, Asabar uku a jere, kuma duk zuwa abu ɗaya yake yi. Zai cire babbar riga ya miƙa mini, ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi da tocila. Ya ƙwanƙwasa ƙarfe yana neman tsatsa, ya sa a ɗaga taya ya juya ta yana sauraren ƙarar boris ɗin cikinta, ya ja birki, ya girgiza ƙugiyar da ake ɗaurawa a mota. Oga Bernard yana tsaye da makullai a hannu yana ta cewa, "Oga, shiga ciki mana ka gani, akwai firji, akwai fanka." Nababa ya amsa daga ƙasa cewa firji ba ya kai mutum gida. A ƙarshe ya tsayar da koren, ya ce wannan ko Mambila zai hau bai yi tari ba. Ni da nake riƙe da riga ban lura ba sai daga baya, ashe a zuwa ukun nan ko murfin ƙofa ɗaya bai taɓa ba.

Matsalar tana gida. Duk lokacin da ya kawo zancen, Yaya Zulai ba ta cewa e, ba ta cewa a'a. Ya nuna mata hoton koren a waya, ta ce ma sha Allah, ta ci gaba da tsince shinkafa. Ya ce a sa rana bayan Sallah, ta ce kajinta fa, wa zai kula da su. Mutumin ya fara ramewa. Wata Juma'a bayan masallaci ya roƙe ni in je in ji ta bakinta, tunda ni bakina ba ya da linzami.

Na same ta tana yankan kuɓewa. Na fara da wasa, na ce ana so a mai da ta Baturiya tana ƙi. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni ko na tuna walimar da aka yi masa ta barin aiki, da jawabin Silas, abokin tuƙinsa. Na tuna. Silas ya tashi yana yabonsa, ya ce a shekara talatin da huɗu Nababa bai taɓa barin motar gwamnati ta kwana ita kaɗai ba. Oga ya shiga otal, shi ya kwantar da kujera ya naɗe ƙafafu, ko damina ko sanyi. Aka yi ta tafi, har da ni.

Ta ajiye wuƙar ta ce ita ranar ta fara ji. Duk shekarun nan cewa yake yi ana ba direbobi ɗaki. Ashe kuɗin kwanan da ake ba shi ne ya zama bulon gidan nan, ita tana kan katifa a Kuje, shi yana naɗe a kujera a garin mutane. Ta ce ba ƙaryar ce ta fi yi mata ciwo ba, ciwon shi ne ba ta taɓa tambaya ba. Sannan ta faɗi abin da ya hana ta amsawa. Da ya nuna mata hoton koren, ta tambaye shi girman gadon, sai ya ce zai ishe ta, shi ai yana mota yana gadi.

"Ni zai ɗora a baya kamar wata darakta," in ji ta. "In haka ne Gurara ta yi zamanta, ni ma in yi nawa."

Na ce to ta faɗa masa mana. Ta harare ni irin harar da take yi mini tun ina yaro, ta ce akwai maganar da ba a yi wa namiji da baki. Ta ce in gaya masa kawai tana so ta ga ɗakunan da idonta, tunda ɗaki dai na mace ne ko da taya gare shi.

Asabar ta huɗu muka tafi mu uku. Nababa sai murna yake yi, tun daga Kuje yake mata bayanin tayoyin koren, ita kuwa tana kallon masu rake a bakin hanya. Oga Bernard da ya hango ta ya washe baki ya ce yau Madam ta zo, ciniki zai faɗa. Ta gaishe shi, ta karɓi makullan duka uku daga hannunsa.

Farin ta leƙa kawai ta fito, ta ce wannan sai mai 'yan aiki. Ta shiga koren ta ɗan jima. Muna jin tana buɗe durowa tana rufewa, ta murɗa famfo, ta ɗaga labule. Da ta fito sai ta wuce wurin tsohon mai ruwan ƙasa. Nababa ya bi ta da sauri yana cewa sifirin ɗin da ke ɗauke da nauyin bayansa ya mutu, ga tsatsa a gindin ƙofa, kada ma ta ɓata lokacinta. Ta shige abinta. Can sai muka ji muryarta daga ciki.

"Malam, shigo."

Ya tsaya a bakin ƙofar yana dubana. Sai a lokacin na gane abin da ke damunsa. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana buɗe wa wasu ƙofa su shiga shi ya koma gindin bishiya, ƙafarsa ba ta saba da tsallake dokin ƙofa a wurin tafiya ba. Ya cire takalmi ya jera su, ya yi sallama kamar ya zo gidan surukai, sannan ya sunkuya ya shiga. Na matsa na leƙa, don ba za a yi wannan babu ni ba.

Cikin ya tsufa amma yana da fili. Gadon yana can ƙurya, ya bi tsawon ɗakin, ga taga a gefensa. Yaya Zulai ta cire mayafin kafaɗarta ta shimfiɗa a kan katifar, ta ce ya kwanta ta gani. Ya ce haba Maman Nabila, da rana tsaka, a gaban mutane. Ta ce na koren ta auna shi da hannu, ko ita sai ta lanƙwashe, balle shi, don haka ya kwanta. Ya zauna a baki-baki tukuna, yana ta gunaguni a kan sifirin. Ta ce sifirin aikinsa ne, ga maƙera nan cike da Dei-Dei, shi ya san ƙasa ita ta san sama. Ya cire hula ya kwanta a ɗarare, hannuwa a ƙirji.

"Miƙe ƙafar," ta ce. "Duka."

Ya miƙe. Dugadugansa suka tsaya, saura kamar taƙi ɗaya su taɓa bango. Ta zauna a ɗan bencin da ke fuskantar gadon, ta zuge tagar, iska ta shigo da ƙamshin sabon katako. Ta ce da shi, a hankali yadda sai da na kasa kunne, in za a yi tafiyar nan to a nan zai riƙa kwana, motar ta kwana ita kaɗai ko ta ƙi. In bai yarda ba a koma gida yanzu, ba ta riƙe shi da alkawarin komai ba.

Ya kalli rufin ɗakin. Da ya buɗe baki tambaya ya yi, wa ya gaya mata a mota yake kwana. Ta ce Silas, a gaban mutum ɗari. Ya ce Silas dai bakinsa ba ya rufuwa. Daga nan na ja jikina na koma waje, don na ji idona ya fara yi mini wani iri kuma ba na so ya samu abin rama tsokana.

Muka tsaya da Oga Bernard a inuwar farin, yana ba ni labarin Baturen da ya sayar masa da tsohon, wai har Agadas ya je da shi. Minti goma, sha biyar, babu wanda ya fito. Oga Bernard ya gaji, ya nufi ƙofar yana kaɗa hannu yana kiran Oga, wanne za a rubuta. Kafin ya ƙarasa Yaya Zulai ta leƙo ta ɗora yatsa a baki. Ta bayanta muna jin numfashin Nababa yana fita a hankali, dogo, irin na wanda ya yi nisa a barci.

"Wannan za mu ɗauka," ta ce da shi ƙasa-ƙasa. "Amma a bar shi ya tashi da kansa."