Kanwar Jego a Hanyar Abha

Ana sallame asuba muka bar Kurayyat, unguwarmu a Jidda, ni da ƙanena da ya zame mini muharrami. 'Yata ta fari ce ta haihu a Abha, inda mijinta yake aiki. A ƙa'ida haihuwar fari gida ake zuwa wanka, to amma nisa ya hana, sai na ce idan ba ta zo ba ni zan je.

Na ɗaure jaka guda: jar kanwa da wata 'yar Damagaram ta kawo mini, yajin jego da na daka da hannuna, da daddawa. Ganyen darbejiya kuwa a unguwar Sa'alaba na tsinko, na naɗe shi daban cikin zani. Sai dai zuciyata ba ta kwanta ba. Yarinyar nan haifaffiyar Jidda ce, in yi mata Hausa ta mayar mini da Larabci. Da na ce mata a waya ina tafe da kayan jego, cewa ta yi da Larabci halas, wato in bar shi, akwai asibiti. Tsorona kada abin da uwata ta yi mini ya ƙare a kaina.

Direban bas ya so a sa jakar a ƙasa tare da akwatuna, na ce faufau. A cinyata ta zauna. Kafin mu kai garin Lis daddawa ta gaisa da kowa, wani Bayamane a gabanmu sai waige yake yana toshe hanci. Ƙanena ya ce shi dai bai san ni ba.

Shekaruna a Jidda ba kaɗan ba, amma ranar na san ban taɓa ganin teku ba. Yana hannun dama, shuɗi shar, ba gini ba mutum, sai raƙuma da kwale-kwalen masunta jefi-jefi. A Ƙunfuza muka ci soyayyen kifi da shinkafa, da araha har na ji haushin masu kifin unguwarmu. Gaba kaɗan na hango goruba a tsaye cikin yashi, irin ta garinmu sak, na tuna uwata Inna, Allah ya jiƙanta.

Daga Muhayil hanya ta fara hawa. Kwana kan kwana, mu shiga rami cikin dutse mu fito kan gada, ƙasa can nesa ba a ganin ƙarshenta. Kunnuwana suka toshe, masu hira duk suka koma salati. Gajimare da na saba ɗaga kai in gani, ga shi yana shafar gilashi.

Da muka kai sama direba ya tsaya a yi la'asar. Jakar da na hana kowa taɓawa tun safe, ita na ajiye kan dakali zan yi alwala. Na ga birai a kan duwatsu, amma na ɗauke su kamar awakin gida, waɗanda tsawa ɗaya ke kora. Ina shafar kai wani ƙaton biri ya sauko ya sungume ta. Na bi shi da takalmi ɗaya ina ihu, ya tsallake shinge ya gangara kwari. Bayamanen nan ma bai yi dariya ba. Wallahi kuka na yi, ban ji kunyar kowa ba.

Haka na shiga gidan 'yata da ganye kawai, shi ma ya yi yaushi. Na ɗauki jikata, na ba da labari ina jiran ta ce dama ai ta faɗa mini. Sai ta tashi a hankali, ta buɗe akwatin aurenta, ta ciro wani ƙulli. Dunƙulen kanwa ne da na cusa mata cikin kaya ranar da aka kai ta, ni har na manta.

Ta ce da Hausarta mai tuntuɓe, "Ummi, ban san yadda ake yi da shi ba. Na ajiye sai kin zo. Amma ruwan wankan kada ya yi zafi marra." Marra ɗin nan Larabcinta ne, wato sosai.

Na zauna har arba'in, ina dama kunu tana tsaye tana kallon hannuna. Ranar dawowa na bi ta kwarin nan ban ko harari birai ba. Na iso Kurayyat hannu wofi, maƙwabta na tambayar tsaraba. Abin da na gane shi ne, na yi ta rungumar jaka tun daga Jidda don kada gado ya ɓace, ashe ya riga ni isa Abha.